Ɓera da Wayar Hannu: Abin da Masana Suka Gani a Ƙwaƙwalwarsa

Yau zancenmu a kan wayar hannu ne, wadda ta bazu a Nijeriya tun daga shekarar 2001, har ga shi yanzu ba kasuwa, ba tasha, ba ruga da za ka je ka rasa ta. Akwai wata tambaya da ta ke damun mutane, musamman iyayen yara da 'yan kasuwa masu yini da waya a kunne. Su kan ce, shin abin nan da mu ke mannawa a jikin kai ba ya taɓa ƙwaƙwalwa? Waɗansu kuma sun ji an ce an gwada a jikin ɓera an ga illa. To, gaskiya ne an gwada, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Abin da ya kamata ku ji shi ne yadda aka yi gwajin, da abin da aka gani, da kuma inda ɓera ya bambanta da mutum.

Da farko sai mu san abin da ke fita daga cikin wayar. Wayar hannu ba kome ba ce illa ƙaramin gidan rediyo. In ka yi magana, sai ta mai da muryarka wani irin tururi wanda ido ba ya gani, ta aika da shi ga dogon ƙarfen nan na sabis da ke bayan gari. Mun ce tururi ne don rashin wata kalma, amma ba irin na tukunya ba ne. Ya fi kama da da'irorin da ke bazuwa a kan tafki in an jefa dutse. Ku masu kama tashoshi kun saba jin ana cewa a kan mita 49 ko mita 31. Wannan mita ita ce tazarar da ke tsakanin da'ira ɗaya da mai bi mata. Ta wayar hannu gajeriya ce ainun, kamar santimita 33 ga wayar da ke aiki a kan megahaz 900, watau mai kaɗawa sau miliyan 900 a cikin daƙiƙa guda.

Kada ku haɗa wannan tururi da na na'urar ɗaukar hoton ƙirji a asibiti. Na hoton ƙirji yana da ƙarfin da zai tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda masana ke kira DNA, don haka ne mai ɗaukar hoton ya kan laɓe bayan katanga. Na waya ba shi da wannan ƙarfi. Aikinsa wanda kowa ya yarda da shi a jikin mai rai guda ɗaya ne, watau ɗumama nama, kamar yadda akwatin nan na lantarki mai ɗumama abinci ke yi, sai dai akwatin yana aiki da wat ɗari-ɗari a rufe, wayar GSM kuwa ba ta wuce wat 2, a yawancin lokaci ma ƙasa da rubu'in wat guda ta ke fitarwa.

A kan wannan ɗumi aka kafa doka, kuma ɓera ne ya taimaka aka kafa ta. An koya wa ɓeraye da birai su danna wani ɗan ƙarfe abinci ya faɗo. Sa'an nan aka riƙa sakar musu tururin ana ƙara ƙarfinsa. Da ya kai wajen wat 4 ga kowane kilo na nauyin jikinsu, zafin jikinsu ya hau da kamar digiri ɗaya, sai suka yi sanyi da aikin, suka bar danna ƙarfen. Masu doka suka ɗauki wannan adadi suka raba shi gida 50, suka ce jikin mutum gaba ɗaya kada ya sha fiye da kashi ɗaya daga ciki. Ga kai kuwa, inda waya ke manne, Amurka ta sa iyaka wat 1.6 ga kilo, ƙasashen Turai wat 2. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu komo kansu.

To, gardamar da a ke yi ita ce, shin ban da ɗumi akwai wani abu dabam da tururin ke yi a ɓoye, ko da ƙarfinsa bai kai ya ɗumama kome ba?

Me ya sa ɓera? Domin ba a iya kulle mutum a ɗaki shekara biyu ana sakar masa tururi, sa'an nan a buɗe kansa a duba. Ɓeran da a ke gwaji da shi ba ɓeran rumbu ba ne. Fari ne, babba, a ɗakin bincike a ke haifarsa, an san uwarsa da ubansa, an san abin da ya ke ci. Rayuwarsa duka shekara biyu ce zuwa uku, saboda haka cutar tsufa da za a jira shekara sittin kafin a gan ta ga mutum, a jikinsa nan da nan ta ke bayyana. Kuma akwai ƙa'ida guda wadda in an karya ta gwajin ya ɓaci. Dole a raba ɓerayen gida biyu. Waɗansu a sa su a akwati a kunna na'ura, waɗansu a sa su a irin wannan akwatin, tsawon lokaci ɗaya, amma na'urar a kashe. Waɗannan na biyu su ne ɓerayen kwatance. Ɓera dabba ce mai saurin firgita, kullewar kaɗai ta kan canja jininsa da barcinsa. In ba a yi kwatance ba, sai a ɗora wa waya laifin akwati.

Abu na farko da aka zargi tururin da shi shi ne huda shingen ƙwaƙwalwa. Ga yadda abin ya ke. Ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin ƙwaƙwalwa ba kamar na sauran jiki ba ne. Bangonsu a matse ya ke ƙam, kamar rariya mai ƙananan idanu. Sukari da iska mai kyau suna wucewa, amma dafi da ƙwayoyin cuta da manyan abubuwan da ke yawo cikin jini an tare su. A shekarar 1975 wani Ba'amurke mai suna Allan Frey ya zuba wa ɓeraye wani rini a jini, ya sakar musu tururi irin na rediyo, ya ce ya ga rinin ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa. Daga baya wani likitan fiɗar kai na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin, Leif Salford, da abokan aikinsa suka ɗauki zancen. Su abin da suka bi sawunsa albumin ne, wani abu cikin jini ɗan'uwan farin ƙwai, wanda bai kamata ya shiga ƙwaƙwalwa ba.

A shekarar 2003 suka ba da labarin da ya tada hankalin duniya. Ɓeraye 32 suka ɗauka, aka bar 8 don kwatance, sauran 24 aka sakar musu tururin wayar GSM na awa biyu rak, kuma da ƙarfi kaɗan ƙwarai, ƙasa da iyakar da doka ta sa wa kai nesa ba kusa ba. Bayan kamar kwana 50 aka yanka ƙwaƙwalwarsu aka duba da madubin likita. Suka ce sun ga albumin ya yoyo, sun kuma ga waɗansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun ƙanƙance sun yi baƙi. Jaridu suka ɗauka, kowa ya ce shi ke nan, waya tana kashe ƙwaƙwalwar samari.

Amma masana suna da wata al'ada mai kyau. In mutum ya ce ya ga wata, ba a yarda sai waɗansu sun fita sun duba. A shekarar 2009 ƙungiyoyi uku, ɗaya a Japan, ɗaya a birnin Bodo na Faransa, ɗaya a Amurka, suka buga sakamakon maimaita wannan gwaji. Ba wadda ta ga yoyon da za a ɗora wa tururi, ba wadda ta ga ƙwayoyi sun mutu saboda shi. Har wa yau, masu aikin yanka ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa baƙaƙen ƙwayoyin nan su kan fito in an taɓa ƙwaƙwalwa ko an matsa ta kafin maganin da ke sandarar da ita ya gama kama ta. Watau hannun mai aiki ma ya kan haifar da su. Abin da ya tabbata shi ne, in tururi ya yi ƙarfin da ƙwaƙwalwa ta yi zafi sosai, shingen ya kan buɗe. Wayar aljihu kuwa ba ta kai nan.

Irin wannan ya faru da zancen zaren gado. A shekarar 1995 Henry Lai da Narendra Singh na Jami'ar Washington a birnin Siyatil suka sa ɓeraye cikin tururi mai megahaz 2450 na awa biyu. Dabarar da suka yi amfani da ita abin sha'awa ce. A kan sa ƙwayar ƙwaƙwalwa cikin wani abu mai kama da kamu, a ratsa shi da lantarki. In zaren gadon ya tsittsinke, gutsattsarin sai su ja baya, ƙwayar ta yi kamar tauraruwa mai wutsiya. Tsawon wutsiya shi ne yawan ɓarna. Suka ce wutsiyar ɓerayen da suka sha tururi ta fi tsawo. Waɗansu masana a birnin Sant Luwis suka maimaita, ba su ga haka ba. Shi Lai ya kuma gwada tunanin ɓera da wani akwati mai lunguna 12, kowane lungu da ɗan abinci a ƙarshensa. Ɓera mai lafiya ba ya komawa lungun da ya riga ya cinye. Ya ce waɗanda suka sha tururi sun fi mantuwa. Aka maimaita a Amurka da Faransa a shekarar 2004, ɓerayen ba su manta kome ba.

A nan akwai abu biyu da ya kamata mai sauraro ya sani, domin duka biyun gaskiya ne. Na ɗaya, masu bincike a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan sun nuna a shekarar 2007 cewa gwaje-gwajen da kamfanonin waya kaɗai suka biya kuɗinsu sun fi fitowa da cewa ba a ga kome ba. Wannan dalili ne na sa ido. Na biyu, akwai tarin ƙananan gwaje-gwaje da suka ce sun ga illa, amma in ka duba sai ka tarar waya kawai aka ajiye a gindin kejin ɓera, ba a auna yawan tururin da ya shiga jikinsa ba. Wayar da ke ajiye ba a kira da ita kuwa kusan shiru ta ke, sai jifa-jifa ta ke gaisawa da ƙarfen sabis. Irin wannan gwaji, ko ya ce akwai illa ko ya ce babu, ba a kafa hujja da shi.

Yanzu mu zo ga babban gwaji, wanda ya fi kowane tsada da tsari, wanda kuma shi ne har yau a ke ja-in-ja a kansa. Gwamnatin Amurka ce ta sa hukumarta mai gwada abubuwa masu dafi, wadda a ke kira NTP, ta yi shi. Ya ci fiye da shekara goma da wajen dala miliyan 30, aka ba da cikakken sakamakonsa a watan Nuwamba na 2018. An gina ɗakuna na musamman a birnin Shikago inda tururi ke cika ko'ina daidai wa daida, ɓeraye suna yawo a kejinsu ba a ɗaure su ba. Tun suna cikin uwarsu aka fara, har suka shekara biyu. Minti goma a kunne, minti goma a kashe, jimla kamar awa tara kowace rana. Kowane rukuni ɓeraye 90 ne, maza dabam mata dabam. Ƙarfin tururin kuwa wat 1.5, da wat 3, da wat 6 ga kilo, kuma jiki duka, daga hanci har wutsiya. Ku tuna iyakar da doka ta sa wa kan mutum wat 1.6 ce ko 2, a ɗan wurin da waya ta taɓa kaɗai.

Ga abin da aka samu. Cikin ɓeraye maza da suka sha tururi, a rukuni huɗu daga cikin shida, an sami biyu ko uku cikin 90 da mugun ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda likitoci ke kira giliyoma. Cikin mazan kwatance ba a sami ko ɗaya ba. Abin da ya fi wannan fitowa fili ma ba a kai ya ke ba, a zuciya ne. Wani ƙari ne na rigar da ke lulluɓe jijiya, an same shi ga biyar da shida cikin 90 a rukunan da suka sha tururi mafi ƙarfi, ba ko ɗaya a rukunin kwatance. Hukumar ta ce shaidar ƙarin zuciya bayyananniya ce ga ɓeraye maza, ta ƙwaƙwalwa kuwa akwai ta amma ba ta kai wancan ƙarfi ba. Ga ɓeraye mata, da kuma ƙananan ɓeraye irin na ɗaka da aka gwada tare, ba a sami abin da za a tsaya a kansa ba.

Sai ga wani abin mamaki. Mazan da suka sha tururi sun fi na kwatance tsawon rai. Cikin mazan kwatance 90, 25 kaɗai suka kai ƙarshen shekara biyun, yawancinsu ciwon ƙoda ya kashe su, ciwon da ya saba kama irin wannan ɓera in ya tsufa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga lissafin. Ƙari cutar tsufa ce. Ɓeran da ya mutu da wuri bai tsaya ya kamu da shi ba. Kuma an san irin wannan ɓera ya kan yi giliyoma jifa-jifa ko ba a yi masa kome ba. Saboda haka masu suka suka ce, da mazan kwatance sun rayu kamar sauran, aka sami ko ɗaya ko biyu da ƙari a cikinsu, da bambancin da aka gani a ƙwaƙwalwa ya narke. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta yarda a ɗauki sakamakon a ɗora wa mutane ba. A ganinmu wannan suka tana da ƙarfi game da ƙwaƙwalwa, amma ba ta share zancen zuciya ba.

Dalili kuwa shi ne, a wannan shekara ta 2018 Cibiyar Ramazzini ta birnin Bolonya a Italiya ta ba da nata sakamako. Ɓeraye 2,448 suka gwada, awa 19 kowace rana, tun daga ciki har mutuwarsu, da tururi mai rauni ƙwarai irin wanda ke fitowa daga ƙarfen sabis. Su ma abin da ya fito musu shi ne wannan ƙari na zuciya, ga maza, a rukuni mafi ƙarfi, uku cikin kamar 200. Adadin kaɗan ne, amma gwaji biyu a ƙasa biyu su nuna ƙari iri ɗaya a wuri ɗaya, wannan ba abin yarwa ba ne. A ƙwaƙwalwa kuwa ɗan bambancin da suka gani bai wuce abin da katari zai iya kawowa ba. A shekarar 2025 waɗansu masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su tattara gwaje-gwajen dabbobi suka ce sun gamsu da shaidar ƙarin zuciya da na ƙwaƙwalwa ga ɓeraye maza, waɗansu masanan kuma suka yi musu gardama.

To, ina mutum a cikin wannan? Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta fi giram 2 ba, ta babban mutum kuwa wajen giram 1,300 ce zuwa 1,400, cikin ƙoƙo mai kauri. Tururin waya ya kan ratsa ɓera gaba ɗaya, amma ga mutum yawancinsa a kunne da fata da gefen ƙwaƙwalwa na kusa da wayar ya ke ƙarewa. Tsawon jikin ɓera kuma bai yi nisa da tsawon zangon tururin ba, don haka jikinsa ya kan kama shi kamar eriya. Bugu da ƙari, ɓera ba ya gumi kamar mu, ta wutsiya ya ke fitar da wani kaso na zafin jikinsa. Dabbar da ta shekara biyu jikinta yana fama da ɗumi awa tara kullum, ba abin mamaki ba ne a ga canji a cikinta.

Don haka aka duba mutanen kansu. A watan Mayu na 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon, ta sa wannan tururi a rukunin 2B, watau abin da mai yiwuwa ne yana kawo ciwon daji amma shaidar ba ta cika ba. Tun daga nan shaida ta ƙaru. A Birtaniya an bi mata fiye da 770,000 shekara da shekaru, aka ba da sakamako a 2022, ba a ga masu waya sun fi marasa waya ƙarin ƙwaƙwalwa ba. A 2024 aka tattara bincike 63 da aka yi a kan mutane daga 1994 zuwa 2022, shi ma bai nuna waya tana ƙara ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Ƙasashen da ke rubuta kowane mai ciwon daji a littafi, kamar Denmak da Suwidin da Ostireliya, ba su ga giliyoma ta yi tashin da za a sa rai ba bayan kowa ya mallaki waya.

Wanda duk da haka ya ke so ya rage abin da kansa ke sha, abin ba wuya, ba kuma tsada. Tururin nan da nisa ya ke mutuwa, taƙi ɗaya ma ya rage shi ƙwarai. Sa abin ji na kunne, ko ka buɗe murya ka riƙe wayar a gabanka. Ku lura kuma da sandunan sabis da ke goshin waya. In sun cika, wayar raɗa ta ke yi wa ƙarfen sabis. In saura ɗaya, ihu ta ke yi da iyakar ƙarfinta. Wannan ya shafi mutanen ƙauye fiye da na birni, domin su ne ke nesa da ƙarfe, su ne kuma suka fi riƙe ƙananan wayoyi masu aiki da tsohon tsarin GSM, wanda ya fi sababbi fitar da tururi a lokacin kira. In za ka yi doguwar hira, fita inda sabis ya ke da kyau. Yaro kuwa, da ya ke ƙoƙon kansa bai yi kauri ba, a buɗe masa murya in zai gaisa da kakarsa.

Zafin da ku ke ji a kunne bayan dogon kira, yawancinsa na batir ne da na jikin wayar, da kuma toshe kunnen da aka yi iska ba ta taɓa shi. Sa'an nan akwai 'yan takardu masu ƙyalli da a ke sayarwa a ce a manna a bayan waya suna tare tururi. Kada ku ɓata kuɗinku. In ba su tare kome ba, an cuce ku. In kuwa sun tare wani abu, wayar za ta ga sabis ya ragu, sai ta ƙara ƙarfi don muryarku ta kai.

A nan za mu dakata.